Illela gari ne, ba ƙofar kwastan kawai ba

In dai sunan Illela ya fito daga bakin Abuja, to maganar boda ce: an rufe, an buɗe, an kama shinkafa. Da wuya a tuna cewa gari ne mai mutane, masu gona da kasuwa da surukai a Ƙonni.

Illela na arewacin jihar Sakkwato, tafiyar wajen kilomita 80 daga birnin Shehu. Daga nan zuwa Birnin Ƙonni, a jihar Tawa ta Nijar, ɗan acaɓa ba ya cin rabin awa in ba a tsare shi ba. Ƙasa ɗaya ce mai rairayi, gero da wake iri ɗaya, Hausa iri ɗaya. Ranar Lahadi Ƙonni kan kwararo kasuwar Illela da shanu da raƙuma da albasar Galmi, ranar Laraba kuma Illela ta rama ziyara.

Layin da ya raba su ba don su aka ja shi ba. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, Ƙonni ta faɗo ɓangaren Ingila. Hakan bai hana sojojin Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa, ƙone garin a 1899 ba. Daga baya Faransawa suka koka cewa ba su da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, aka miƙa musu Ƙonni. Wato ƙishirwar ayarin Faransa ce ta sa yau ɗan Illela ke "fita waje" in zai je gaida gwaggonsa.

Ko yawan mutanen ma, lissafin 2006 muke ta maimaitawa, sama da 150,000 a ƙaramar hukumar. An haifi yara sun yi aure ba a sake ƙidaya ba. Kuma wace ƙidaya ce za ta kama taron Lahadi, da ke shan ruwan garin, ya cika asibitinsa?

Ban ce a bar iyaka sakaka ba. Makamai na shigowa, kuma gabashin Sakkwato ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun 'yan bindiga. Amma a duba wanda rufewar ke kamawa. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 an garƙame boda, har aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Babban ɗan fasa-ƙwauri ya san hanyoyin daji, ya san hannun da zai shafa wa mai. Wanda ya kwana da yunwa shi ne ɗan dako da mai tuwo a bakin tasha. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka maimaita, tireloli suka yi layi har kaya suka ruɓe a ciki, sai Maris na 2024 aka sassauta.

Yanzu ga babban titin Sakkwato zuwa Badagry, mai kilomita fiye da 1,000, daga Illela ya faro. Madalla. Sai dai kafin tirelolin Legas su iso, a zauna da sarkin kasuwa da dillalan kara da masu unguwanni, na nan da na Ƙonni, a tsara yadda mai buhu biyu zai riƙa wucewa ba tare da ya biya a shinge biyar ba.