Ciwon damuwa ba raunin imani ba ne, a daina tare wa mutane hanyar asibiti

A 'yan watannin nan da wuya mutum ya leƙa TikTok ko Facebook bai ci karo da wani ya zauna gaban kyamara yana yanke hukunci a kan ciwon damuwa ba. Wani ya ce ciwon Turawa ne, wani ya ce rashin tawakkali ne, wani kuma ya ce duk mai faɗuwar gaba aljani ne ya shafe shi. Da yawansu lambar waya da farashin kwalba suke rufe jawabinsu da su. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda wannan magana ta samu karɓuwa a Zariya, garin ilimi, garin da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake nan Shika da sashen likitocin ƙwaƙwalwa a cikinsa.

Ciwon damuwa yana da ma'auni. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, cikin ƙuncin zuciya, ko abubuwan da a da suke faranta masa sun daina yi masa daɗi, sannan ga rashin barci ko yawansa, raguwar cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ganin kansa ba shi da amfani, ko tunanin mutuwa, to likita zai fara zargin wannan ciwo. Fargaba kuma kala biyu aka fi gani. Akwai wadda take bin mutum wata da watanni, yana tsoron abin da bai faru ba. Akwai mai zuwa farat ɗaya: zuciya ta riƙa bugawa, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto, hannu ya ɗauki rawa, mutum ya tabbatar ajalinsa ne ya zo. Cikin kamar minti goma abin yake kai ƙololuwa, sannan ya lafa.

Bahaushe ba kasafai yake zuwa asibiti ya ce zuciyarsa a ƙuntace take ba. Da jiki yake faɗa. Kaina ya yi nauyi, wani abu yana min yawo a jiki, ƙirjina yana zafi, gabana yana faɗuwa. Daga nan ɓatan hanya yake farawa. A je ɗakin gwaji a Tudun Wada ko Sabon Gari, a ɗebi jini, takarda ta fito da taifod da maleriya, a yi allurai, a sa ƙarin ruwa leda biyu. Bayan wata ɗaya a sake komawa, a sake samun taifod. Sai ka tarar da mace riƙe da takardun gwaji biyar a cikin ledar magani, babu wanda ya taɓa tambayarta ƙarfe nawa take farkawa da dare, ko yaushe rabonta da dariya. Mai jego kuwa, idan ta yi shiru ta daina kula da jaririnta, cewa ake yi iska ce ta jego, a kawo hayaƙi.

Idan gwaji ya gaza, sai kemis. Yaron shago ya miƙo Valium ko Lexotan, ya ce a sha ɗaya da dare. Barci zai zo, gaskiya ne, shi ya sa tarkon yake kama mutane. Waɗannan ƙwayoyi ba sa warkar da ciwon damuwa, kuma likitoci ba sa son a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan su, domin jiki yana sabawa. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu, ranar da aka daina kwatsam fargabar ta dawo ninki, wani har da jijjiga. Mun ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matasan Arewa kafin gwamnatin tarayya ta haramta shi a 2018. Mai cewa kada a je asibiti, ko ya sani ko bai sani ba, layin kemis yake ƙara wa tsawo.

Masu hujja da addini su ne suka fi ba ni takaici, domin addinin ba ya bayansu. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub (AS), wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Wa zai ce imaninsa ne ya raunana? Hadisi ingantacce ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Malami Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi, kamar rashin ɗa ko asarar dukiya, da wanda ke saukar wa mutum ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. Shekara dubu da ɗoriya ke nan. Addu'a da ruƙiyya ta gaskiya ba su taɓa hana mai hawan jini shan ƙwayarsa ba. To don me sai a wannan ciwon kaɗai za a ce zuwa wurin likita gazawa ce? Masu cewa talauci ne kawai, a cika wa mutum ciki ya warke, su je su ga masu kuɗin da ciwon ya kwantar.

Inda wannan tunani yake ƙarewa mun san shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna neman gyara.

Abin da ake yi a asibiti ba shi da ban tsoro. Likita zai yi tambayoyi, sau da yawa da wata takarda mai tambaya tara da ke auna tsananin ciwon. Zai duba ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo, domin sukan yi kama da damuwa ko fargaba. Zai tambaya ko mutum ya taɓa yin kwanaki yana zumuɗi, ba barci, yana kashe kuɗi ba lissafi, domin wannan wani ciwo ne daban kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da shi. Idan ciwon bai yi nisa ba, zaman tattaunawa da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam, sau shida zuwa goma sha biyu, yakan wadatar. Idan ya yi nisa sai a haɗa da magani, irin su amitiriftilin da ake sha da dare, mai busar da baki da sa barci, ko fulokzetin da ake sha da safe, wanda kan tayar da zuciya a kwanakin farko.

A nan mutane suka fi yin kuskure. Maganin yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, wani sai mako shida. Sai mutum ya sha na kwana biyar ya ce ba ya aiki, ya watsar. Wani kuma da ya ji dama-dama ya ajiye, alhali ana so a ci gaba aƙalla wata shida bayan an warware, sannan likita ya rage a hankali. Ciwon ya dawo, sai 'yan uwa su ce ai dama mun faɗa, ba na asibiti ba ne.

Idan kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya fara rabar da kayansa yana neman yafiya ba gaira ba dalili, kada a ce masa ya yi istigifari kawai a tashi. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga ɗakin, a kai shi Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna, a ranar.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka a takarda ba ta duba mara lafiya. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, don haka Shika ba za ta ɗauke nauyin ita kaɗai ba. Ya kamata gwamnatin Kaduna ta horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su iya gane ciwon, hukuma ta sa ido a kan kemis, limaman Juma'a na birni da Samaru da Kongo kuma su ɗauki maganar zuwa mumbari, tunda daga bakinsu jama'a suka fi ji.