Alhajin Cikin Littafi Ba Ya Biyan Kuɗin Shayi

Da hantsi, teburin mai shayi a bakin Kasuwar Sabon Gari, Kano. Marubuci ya iso da waya mai tsagaggiyar fuska, ya miƙa a sa masa caji. Wani dattijo, tsohon mai sayar da littattafai, yana gefen benci yana fifita shayinsa.

MARUBUCI: Mai shayi, haɗa min mai kauri. Ƙwai biyu, rabin burodi.

MAI SHAYI: Malam, ni ma fa littafi nake rubutawa, kuma kai ne tauraron. Mun kai shafi na tara. Dubu huɗu da ɗari bakwai.

MARUBUCI: Haba! Ni da jiya da daddare na aurar da 'yar Alhaji, lefe akwati ashirin da huɗu, aka wuce Dubai cin amarci?

MAI SHAYI: To Alhajin ya aiko min ko da kuɗin suga mana.

MARUBUCI: Kuɗi na tafe. Na saki shafi goma kyauta a WhatsApp. Daidai inda uwar miji ta banko ƙofa ta yi salati, sai na ɗauke alƙalami. Mai son ci gaba ya turo ɗari biyar.

MAI SHAYI: Mutum nawa suka turo?

MARUBUCI: Goma sha ɗaya.

MAI SHAYI: Masu karantawa fa?

MARUBUCI: Har Maraɗi da Kumasi. Ɗaya cikin sha ɗayan nan ce ta kwafe ta watsa, Allah ya isa. Shekaranjiya ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta turo min littafina an goge sunana. Wai, "Yaya, karanta wannan ka ga yadda ake rubutu."

DATTIJO: Yaro, ba ku ga zamani ba. Wajen 1995 marubuci zai kai aikinsa maɗaba'a da kuɗin aljihunsa, ya ɗauko ɗauri-ɗauri ya kawo mana nan. Na ɗaya, na biyu, na uku. Mu sayar, mu biya shi.

MARUBUCI: Ku sayar dai, Baba. Na riski ƙarshen zamanin. Takalmi biyu na kashe ina bin cikon kuɗina.

DATTIJO: Ai haƙuri ma ibada ne. Ka tuna 2007, lokacin hukumar gyaran tarbiyya ta A Daidaita Sahu, da aka tara littattafan soyayya aka cinna musu wuta?

MARUBUCI: Nawa ko ɗaya bai ƙone ba.

MAI SHAYI: Don tarbiyyar da ke ciki?

DATTIJO: Ina fa! Mai ƙosai ta riga su. Ni na sayar mata, a kilo.

MARUBUCI: Baba, ka rufa min asiri. Da ana barin namiji ya shiga gasar rubutun labari ta Hikayata ta BBC da tuni na wuce wurin nan, amma tun 2016 da aka fara, mata zalla. Na ce wa uwargida mu sa sunanta a labarina. Ta ce to, amma ita za ta je Abuja karɓar kyauta, kuma ko sisi ba zan gani ba.

MAI SHAYI: Ai da ka yarda. Ko ba komai tuwo zai samu miya.

MARUBUCI: Na yarda, sai ta karanta. Ta zo inda na siffanta yarinyar: doguwa, fara, mai wushirya. Ta ajiye wayar a hankali ta ce, "Malam, wannan ba 'yar gidan maƙwabta ba ce?" Yau kwana uku ba a ɗora tukunya da ni ba.

DATTIJO: To ita ce ɗin?

MARUBUCI: Baba, shayinka na hucewa.

Mai shayi ya fasa ƙwai, ya matso, ya rage murya.

MAI SHAYI: Malam, mu yi ciniki. Zan soke ɗari biyar daga bashin. Kawai ka gaya min, wa uwar mijin ta tarar a ɗakin? Direban ne ko? Don a shafi na talatin na ga take-takensa.

MARUBUCI: Shafi na talatin? Ai goma na saki kyauta. A ina ka samu?

MAI SHAYI: Mai ɗakina ce ta turo min.

MARUBUCI: Ta biya?

MAI SHAYI: Ruwa ya tafasa, Malam. Suga cokali nawa?