Damagaram na buƙatar shugaban 'yan sandan da zai zauna ya san gari

A Beljiyam, inda nake zaune, duk wanda ya sake gida sai ɗan sandan unguwa ya zo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya duba sunansa a jikin akwatin wasiƙa, ya tabbatar nan yake kwana. Ƙa'idarsu ɗan sandan unguwa ɗaya ga mutum 4,000.

Da wuya suka kai nan. A 1996 aka kama Marc Dutroux, mai sace 'yan mata, sai binciken majalisa ya gano jandarmomi sun riƙe bayanai a kansa ba su miƙa wa mai shari'ar da ke binciken ba. Yara suka mutu. Mutum kusan 300,000 suka fito kan titi, aka yi dokar gyara tsarin 'yan sanda a 1998, a 2001 aka narkar da jandarma cikin rundunar 'yan sanda guda. Yanzu shugaban 'yan sandan kowane yanki wa'adin shekara 5 gare shi, kuma tare da magajin gari da mai gabatar da ƙara yake tsara aikin tsaron yankinsa.

Mu ma a Nijar rundunoni uku gare mu: 'yan sanda da gardi a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarma a ƙarƙashin ta tsaro. Ban ce a haɗe su ba, yanayinmu daban ne. Abin da ke damuna shi ne wa ke yanke shawara idan abu ya taso. Ba mu manta da Juma'ar 16 ga Janairu 2015 ba, da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a Damagaram, aka rasa rayuka. A irin wannan rana, tun kafin a idar da salla ya kamata kowa ya san mutum ɗaya da ke ba da umarni, kuma yana da ikon bayarwa ba sai ya jira waya daga Yamai ba, kusan kilomita 900.

Haka batun samarin da suka addabi unguwar Kara-Kara da faɗace-faɗace. Jami'in da bai daɗe ba, ina zai bambance yaron da rashin aiki ya zaunar a fadar samari, wato majalisar hirarsu, da wanda ke yawo da adda? Mai unguwa ya sani. Dogaran Sarkin Damagaram sun sani, 'yan kabu-kabu da 'yan kasuwar Dole ma haka. Amma wallahi babu mai buɗe cikinsa ga baƙon da za a ɗauke gobe. A bar kwamishinan 'yan sanda ya yi shekaru a kujerarsa, a ba shi man mota da 'yancin yanke hukunci, sannan duk shekara ya zauna gaban masu unguwanni ya faɗi abin da ya yi.