Yaji a Hanyar Mikiya

Motar da muka karɓa haya a birnin Bergen na ƙasar Norwe tana da gado, da murhun gas, da banɗaki wanda in ka shiga sai ka fito da baya. Uwargida ta leƙa ko'ina ta ce, "Alhaji, wannan ai ɗaki ne aka sa wa tayoyi." Ta jera garin tuwo da kuka a kabad ɗin sama, ta ɗora kwalbar yaji a bakin gaba.

A taswirar Norwe gari na kusa da gari. A ƙasa kuwa teku ya kutsa tsakanin duwatsu, Sognefjord kaɗai ya shiga cikin ƙasa sama da kilomita 200, sai dai ka zagaya ko ka jira jirgin fito. Doka ta ce kilomita 80 a awa. Tumakinsu masu ƙararrawa a wuya ba su san da wannan doka ba, suna kwance bisa kwalta suna tuƙa, ka yi hon su dube ka kamar kai ne ka shigo musu ɗaki. A ramin Lardal, hanyar mota da aka huda cikin dutse mai tsawon kilomita 24.5, Hajiya ta yi barci, ta farka, ta tarar har yanzu muna cikin dutse, ta ce in faɗa mata gaskiya idan mun ɓata.

Sai gangaren da ake kira Hanyar Mikiya zuwa ƙauyen Geiranger da ke bakin teku, mai lanƙwasa 11 masu kaifi. A ɗaya daga ciki muka yi kiciɓis da doguwar bas ta masu yawon buɗe ido. Direban ya ɗaga hannu cikin ladabi: ja da baya. Baya ina? Dutse a gefe guda, a ɗaya gefen kuma ruwa can ƙasa, jirgin da ke kai ya zama ɗan mitsitsi. Hajiya ta sauka tana ba ni hannu, tana cewa, "Dama, Alhaji! A'a, ɗaya damar!" Na taka birki da ƙarfi, kabad ya buɗe, kwalbar yaji ta faɗo ta tarwatse, fankar mota ta raba shi ko'ina.

Atishawa nake, hawaye na zuba, hannu ɗaya a sitiyari. Fasinjojin bas, waɗanda suka biya kuɗi don ganin wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2005, duk sun juyo da kyamarorinsu kaina.

Da muka isa masauki na ce wa Hajiya in dare ya yi, mutane sun kwanta, zan fitar da katifa in kakkaɓe ba mai gani. Watan Yuni ne. Ƙarfe 11 gari na nan da haske, maƙwabcinmu Bajamushe na zaune a kujera yana karanta littafi ba fitila. Na kakkaɓe a haka, iska ta kwashi yajin ta nufi wajensa.

Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Alhaji, in ya yi atishawa ka ce masa yarhamukallahu, ka shigo ciki."