Sharhi kan daidaita rahoton hoton sankarar tumbi

Na karanta wani labari da ke kira ga likitocin ɗaukar hoto su riƙa rubuta sakamakon sankarar tumbi bisa tsari guda, kuma ina ganin mu da ke Jos batun ya shafe mu ƙwarai. Sau da yawa majinyaci yakan yi hoton CT (hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka) a wani wuri mai zaman kansa, sannan ya kai takardar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko Asibitin Ƙasa na Abuja, inda likitan tiyata zai yanke shawara bisa abin da aka rubuta. Idan takardar ta ce kawai an ga kumburi a tumbi, ba ta faɗi zurfin da ciwon ya yi a bangon tumbin ba, ko ya taɓa kaluluwar da ke kewaye, ko ya kai hanta da tantanin ciki, to mai yiwuwa a sake hoton, kuma iyalan majinyacin ne za su sake biya, wataƙila bayan sun sayar da amfanin gona.

Tsarin TNM da ake auna matakin sankara da shi a duniya waɗannan tambayoyi uku yake yi, saboda haka ba sabon abu ake nema ba. Amsarsu ce ke nuna ko a fara da tiyata ko da maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Sai dai ina roƙon a bar wa likita gurbin rubuta abin da fom bai tanada ba, domin CT ba ya cika nuna ƙananan ƙurajen da suka bazu a tantanin ciki.