Riyal 800 na tuna, masu ba ni jini na manta

Salama a gare ku 'yan'uwana cikin Almasihu, musamman mu da neman abinci ya kawo Saudiyya.

Daren jiya barci ya ƙi idona. Bayan na tashi aiki na kira gida wajen ƙarfe goma, ƙarfe takwas ke nan a can. 'Yata mai shekara 11 ta karɓe wayar daga hannun mahaifiyata ta ce, "Mama, wai da gaske ranar da kika haife ni saura ƙiris ki mutu? Kaka ta ce 'yan Zumuntar Mata uku ne suka ba ki jini. Su waye?" Na buɗe baki, suna ɗaya tak ya zo mini. Mata uku suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu aka ɗura mini, amma biyu sun ɓace mini sarai. Na ce ta tambayi Kaka, na shiga zancen makaranta don kunya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, awa guda kafin wannan kiran, a cikin motar da ke mayar da mu masauki, na cika kunnen abokiyar aikina da labarin wata 'yar'uwa da ta ranci riyal 800 a hannuna a 2021, har yau shiru. Ranar da abin ya faru, kalar abayarta, shagon da muka tsaya a gabansa a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, irin rantsuwar da ta yi, ban rage komai ba.

'Yan'uwa, ni kaɗai ce? Kowannenmu a nan yana da irin wannan littafi a ƙirji. Kafilin, wato ubangidan da muke aiki a ƙarƙashin sunansa, da ya riƙe albashi, wanda ya yi ta jan ƙafa kan sabunta igama, wato katin izinin zama, dillalin da ya ci kuɗinmu kafin mu taso, ɗan'uwan da muka tura wa kuɗin gini ya cinye. Ban ce ƙarya ba ne, an cuce mu, kuma da zafi. Amma yadda saniya ke tuƙa har ciyawar ta zama naman jikinta, haka abin da muke maimaitawa a zuci yake zama mu. Na ga mata sun sauka a Jidda da fara'a da waƙa a baki, bayan shekara huɗu ko gaisuwa ka yi musu sai ta koma ƙorafi. Jiya na gane ina kan wannan hanyar.

Wani lokaci ran Juma'a mukan fita shan iska bakin teku. Bahar Maliya ce fa a gabanmu, wadda Ubangiji ya tsaga wa Isra'ila. Ku buɗe Fitowa 15. An haye, Maryamu 'yar'uwar Musa ta ja mata ana kiɗa ana rawa, amma kwana uku kacal suka yi a jeji, da suka tarar da ruwan Mara yana ɗaci sai gunaguni ya tashi. A Littafin Ƙidaya 11 kuma suna kuka suna lissafin kifin Masar da kankana da albasa da tafarnuwa. Bulalar shugabannin gandu fa? 'Ya'yansu maza da aka ce a jefa a kogi fa? Ƙafarsu ta fita daga bauta, tunaninsu bai fita ba, shi ya sa tsarar nan ta ƙare a jeji, sai Joshuwa da Kalibu. Muna karanta wannan muna girgiza kai, alhali mu ma yau a amsa mana addu'a, jibi muna cewa Allah ya manta da mu.

Ku dubi Yusufu. Bai manta da rijiyar da 'yan'uwansa suka jefa shi ba, amma da ya tashi ba da labarin, a Farawa 50:20, cewa ya yi sun nufe shi da mugunta, Allah kuwa ya nufi abin da alheri. Da ramin kaɗai ya riƙe, da yunwa ta gama da gidan Yakubu.

Da Isra'ilawa suka haye Kogin Urdun, Joshuwa ya sa aka ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin aka kafa a Gilgal, domin ranar da yara za su tambayi ma'anarsu a sami abin faɗa musu. Tawa yarinyar ta tambaya jiya, ba ni da amsa. A gida akwai masu tuna mana: ƙararrawar majami'a, lokacin ba da shaida, tsofaffin mata da za su tare ki a ƙofa su ce, "'Yata, kin tuna yadda muka kwana a asibiti a kanki?" A nan babu ko ɗaya. Lahadi ma ranar aiki ce, sai ta wuce ba mu lura ba. In ba mu kafa namu duwatsun da hannunmu ba, wa zai kafa mana?

Don Allah, don Allah, ku daina bitar cuta kowane dare. Yau kafin ku kwanta ku rubuta a waya: ciwon da kuka tashi daga ciki, wanda ya biya muku kuɗin makaranta, wadda ta fara koya muku addu'a. Ku kira su in suna da rai. Ku faɗa wa 'ya'yanku da suna.

Da asuba na sake kiran mahaifiyata, ta ba ni sunayen biyun. Ɗaya ta rasu bara, ban ko yi ta'aziyya ba. Ɗayar zan kira ta da yamma. Waccan mai bashin kuma, ku sa ni a addu'a, don ina so in yafe mata da gaske, zuciyata kuwa tana ta ja da baya.