Cocin Kizhi da tatsuniyar "babu ƙusa ko ɗaya"

Hoton nan ya sake dawowa Facebook: cocin katako mai kubbobi birjik a bakin ruwa, da rubutu a ƙasansa wai an gina shi babu ƙusa ko ɗaya, wai kuma shekara ɗari uku yana tsaye ba wanda ya taɓa shi. Jama'a na ta turawa suna jinjina kai. Ni kuwa duk sanda na gan shi sai raina ya ɓaci, domin maganar farko rabinta ce gaskiya, ta biyun kuma ƙarya ce tsagwaronta.

Cocin yana tsibirin Kizhi ne, cikin tafkin Onega, a yankin Kareliya na arewacin Rasha. Manoman ƙauyukan da ke kewaye, mabiya ɗariƙar Otodoks, su suka gina shi a 1714, bayan tsawa ta ƙone wanda ke wurin a ƙarshen ƙarni na 17. Tsawonsa mita 37, kubbobinsa 22. Ba a hura wuta a cikinsa, saboda haka a da can da rani kaɗai ake ibada a nan. In hunturu ya kama sai a koma ƙaramin cocin da ke gefensa, mai kubba 9, wanda aka kammala a 1764. Su biyun da hasumiyar ƙararrawa UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1990.

Batun ƙusa dai ga yadda yake. Bangon cocin gumaguman itace ne da aka sassaƙe bakinsu suka shige juna a kusurwa, wannan kam ba ƙarfe. An yi ɗaki mai kusurwa takwas, aka ɗora ƙarami a kansa, aka ƙara wani ƙarami, sannan aka fitar da ɗakuna huɗu gabas da yamma, kudu da arewa. Amma ƙananan sassaƙen katakon bishiyar aspen da suka rufe kubbobin kamar ɓawon kifi, da ƙusa aka kafe su. Me kuma zai riƙe su a iskar tafki? Har labarin da ake bayarwa na wani kafinta Nestor, wai da ya gama aikin ya jefa gatarinsa cikin ruwa ya ce ba a taɓa yin irinsa ba kuma ba za a sake ba, labari ne na hira, mai daɗin ji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wai ba a taɓa shi ba. Wane katako ne zai sha dusar ƙanƙara da ruwan sama shekara ɗari uku a bar shi haka? Magina ba su yi masa harsashi mai zurfi ba, ya riƙa karkacewa. A ƙarni na 19 aka lulluɓe bangonsa da falankai, aka rufe kubbobin da ƙarfe. Bayan yaƙin duniya na biyu masanin gine-gine Aleksandr Opolovnikov ya jagoranci aikin yaye wannan lulluɓi, aka maido masa kamanninsa na da. Zanen da ke rufinsa ta ciki, wanda suke kira "sama", ya salwanta a lokacin yaƙin, sa'ad da sojan Finland ke riƙe da tsibirin. Zuwa 1980 ruɓa ta ci cocin har aka rufe ƙofa, aka kwashe hotunan waliyyai 102 da ke bangon bagade, aka kafa masa ƙashin ƙarfe ta ciki don kada ya zube. Kusan shekara arba'in aka yi baƙo sai dai ya tsaya daga waje ya ɗauki hoto.

Gyaran da ya cece shi, shi ne abin da ya cancanci a yi ta turawa. An kasa ginin hawa bakwai, aka sa jak aka ɗaga na sama suna rataye a jikin ƙashin ƙarfen, aka zare gumaguman ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wanda zai gyaru a gyara, wanda ya mutu a sassaƙa sabo da gatari, a mayar, a hau na gaba. A ƙarshen 2019 aka gama jikin ginin, a 2021 aka buɗe shi. Wannan gumin kafintoci ne na shekaru, mai rubutun Facebook ya share shi da jimla ɗaya don ya samu abin al'ajabi.

Akwai kuma masu cewa tunda an sa sabon itace, ai cocin ya zama jabu. Waɗannan sai su gaya mana ko gidan ƙasa da aka yi wa yaɓe bayan damina ya daina zama gidan kakanninsu.

Wani zai ce tatsuniya ce kawai, wa ta cuta? Tana sa mutane su ɗauka tsohon gini shi ke tsare kansa. A gaɓar tafkin nan dai, a Kondopoga, akwai wani cocin katako na 1774 mai tsawon mita 42, wanda ya tsallake juyin juya hali da yaƙi. Ranar 10 ga Agusta 2018 wani yaro ɗan shekara 15 ya cinna masa wuta, ya ƙone ƙurmus. Kizhi yana da hukuma da kuɗi da idon UNESCO a kansa. Sauran cocin katako da ke warwatse a ƙauyukan arewacin Rasha, waɗanda mutanensu suka watse zuwa birni, da yawansu rufi na yoyo, ciyawa ta kai taga. Abin da suke bukata ba boyayye ba ne: mai gadi, abin kashe gobara, da matasan da za a koya wa riƙe gatari tun tsofaffin kafintocin suna da rai. Ban taɓa ganin an tura hoton ɗaya daga cikinsu ba.